Ku Tambayi Kawu: Ina Son Shiga Wasan Harbin Allo, Wace Bindiga Zan Saya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Tun ranar da bakina ya suɓuce a wannan fili na ce lokacin da nake karatu a Ingila na yi shekara uku ina zuwa kulob ɗin harbi na ɗalibai, wayata ba ta huta ba, har wani ya turo min wai "ashe Kawu ɗan bindiga ne". A'a ɗana, rufa min asiri, a ƙasar nan wannan kalmar ta riga ta ɓaci, ka ce dai mai wasan harbin allo, kar ka sa a zo min sallama da asuba a Fadaman Mada. Ga waɗanda na tsinto daga cikin saƙonnin.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Yelwa, tun da na ga bidiyon mutumin nan na Turkiyya da yake harbi hannu a aljihu a gasar Olamfik abin ya shiga raina, na yi ta kallon YouTube sai na ji kowa yana cewa sabon shiga ya fara da rimfaya. Mene ne rimfaya ɗin, kuma wace iri zan saya? Na ɗan tara kuɗi.

AMSA: Ɗana, mutumin da ka gani Yusuf Dikec ne, azurfa ya ci a Faris a 2024, kuma abin da ke hannunsa ma ba rimfaya ba ce, ƙaramar bindigar iska ce ta mita 10. Hannu a aljihun nan kuma ba yanga ba ce, masu harbi da hannu ɗaya da yawa haka suke tsayawa don kar ɗayan hannun ya riƙa lilo yana girgiza jiki.

To rimfaya. Ka juya harsashi ka kalli gindinsa. Irin na sojoji da 'yan sanda za ka ga wani ɗan maɓalli zagayayye a tsakiya, nan allurar bindiga take sara wuta ta tashi. Shi na rimfaya gindinsa sumul yake ba maɓalli, sinadarin da ke tada wutar yana cikin leɓen kwanson ne a zagaye, sai allura ta sari gefe ta matse leɓen. Tunda kuwa dole kwanson ya zama marar kauri kafin allura ta iya matse shi, ba ya jure ƙarfi mai yawa, shi ya sa duk harsasan rimfaya na yanzu ƙanana ne. Wani Bafaranshe ne mai suna Flobert ya fara fito da dabarar a 1845, shi kuma wanda duniya ta fi sani, wato .22 LR, kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau shi ake harbawa a gasar mita 50 ta Olamfik. Faɗin dalmar da ke kan harsashin milimita 5.6 ne, nauyinta wajen giram 2.6. Bindigar da ke harba shi ba ta dukan kafaɗa, ƙararta da sauƙi, harsashinta ya fi kowanne araha, bututun kuma zai ci dubban harbi bai gaji ba. Dalilin da ya sa ake koyo da ita kenan, mutum ba ya tsoron dukanta balle ya riƙa runtse ido kafin ta tashi.

Zancen wace iri kuma, iri biyu za ka fi gani. Akwai mai ɗura kanta, kamar Ruger 10/22 da ake ƙerawa tun 1964, ana sonta sosai a Amurka, amma ni ban ba sabon shiga shawararta ba, domin tana koya wa yatsa gaggawa, kafin ka ankara ka zazzage kwali guda ba ka koyi komai ba. Sai mai sakata, wadda kai da hannunka za ka ja sakatar ka fidda kwanso ka tura wani, ita ce ta mai koyo, kowane harbi sai ka yi masa niyya. A cikin masu sakata CZ 457 ta ƙasar Cek da Tikka T1x ta Finland duk sun isa su kai ka nesa. Na manyan 'yan gasa kuwa Jamusawa ne suka riƙe wuta, Anschütz da Walther da Feinwerkbau, irin waɗanda kunamarsu giram 100 ko ƙasa da haka ya isa ya tada ta, kuɗinsu kuma sai dai ka ji ka yi salati. In ka ji ana ta zuzuta .17 HMR ko .22 Magnum ka wuce abinka, su ma rimfaya ne amma ba a shiga gasar mita 50 da su, harsashinsu kuma ya fi tsada.

Amma fa duk wannan na faɗa maka ne don ka sani, ba don ka ɗauki kuɗinka ka fita nema ba. Kai da ke Yelwa bindiga ita ce ta ƙarshe a layinka. Na farko takarda, na biyu filin da aka yarda a yi harbi, na uku inda za ka riƙa samun harsashi ta halattacciyar hanya, sai in waɗannan ukun sun tabbata sannan a yi maganar ƙarfe. Mutanen da kake kallo a YouTube a ƙasarsu suke da dokarsu. Mu a nan akwai hukumar wasan harbi ta ƙasa, ka je ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha ka tambayi wanda ke kula da wannan ɓangaren da yadda ake shiga, in kuma hanya ta buɗe to da bindigar iska ta mita 10 za a fara ka, kuma wallahi ba raini ba ne. Da'irar maki goma da ke tsakiyar allon mita 10 na doguwar bindigar iska ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar ka ɗiga bakin biro a takarda, kuma harbi 60 ake yi a tsaye da bindigar da nauyinta kan kai kilo 5.5. Da ita Abhinav Bindra na Indiya ya ci zinare a Beijing a 2008. Kuɗin da ka tara ka bar shi a asusu tukuna.

TAMBAYA: Malam, wani abokina ya ce bindigar iska da ƙaramar .22 ba sa buƙatar lasisi tunda na wasa ne, kuma akwai wanda zai iya sako min ita a cikin kaya daga waje. Gaskiya ne? Daga wani ɗan kasuwa a Wunti.

AMSA: Alhaji, abokin nan naka in an kama ka ba shi zai kwana a sel ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi da fistol, waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na mallakar mutum, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, kuma a wannan gidan ne aka sa bindigogin wasa da na farauta, har da bindigar iska an ambace ta da sunanta. Sai gida na uku, su bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, su ma suna da nasu izinin ta hannun kwamishinan 'yan sanda. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙari a kan haka a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar cewa ta dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a, don haka kafin komai ka taka da ƙafarka zuwa hedikwatarsu ka ji halin da ake ciki daga bakinsu. Shigo da ita a ɓoye cikin kaya kuwa laifi ne na daban a kan na mallaka, harsashi ma kaɗai in an same ka da shi ba takarda ya isa ya kai ka gidan yari. Ka bar wannan maganar a nan Wunti inda ka ji ta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin ɗamara ne a nan Bauchi, ina cikin masu atisayen wasan harbi a wurin aikinmu. An ba ni .22 mai sakata an ɗora mata madubin hange, amma na rasa kanta, yau ta buga sama gobe ta buga hagu, na murɗa maɓallan har na gaji. Bindigar ce ta lalace ko madubin?

AMSA: Ofisa, ka tuna min da wata Asabar da ba zan manta ba. Wata na uku da fara zuwa kulob, fili ne na cikin gini mai yadi 25, aka ara min bindiga mai madubi, na kwanta na yi ta harbi ina murɗawa, in na murɗa dama ta tafi sama, in na dawo da ita ta koma wani gari, na cinye kwali biyu, harsashi 100 kenan daga kuɗin abincina, har na fara zargin ko idona ne ya samu matsala. Wani dattijo da ke kula da filin yana zaune yana shan shayi yana kallona, sai da na gama wahala ya taso, ya sa na buɗe sakata na fidda komai, ya sa yatsa biyu ya kama madubin ya ɗan girgiza, sai ga shi yana ƙwas-ƙwas kamar haƙorin da ya kusa fita. Sukurori biyu ne suka kwance. Ko magana bai yi ba ya miƙo min ɗan makulli ya koma kan shayinsa.

To ka fara daga nan. Ka tabbatar ba komai a cikinta, ka duba sukurorin da suka riƙe zobban madubin da waɗanda suka haɗa ƙarfen da katakon, a ɗaure su daidai wa daida, kaɗan nan kaɗan can, ba irin ɗaurin mai faci da ake taka sifana da ƙafa ba, don in ka matse da yawa za ka lotsa bututun madubin. Kafin ka gama ɗaurewa ka rungumi bindigar ido a rufe, ka kwantar da kumatu inda ya fi maka daɗi, sannan ka buɗe ido. In ka ga da'ira cikakkiya ba baƙin gefe to madubin yana wurinsa, in sai ka miƙa wuya kamar zalɓe ko ka ja kai baya to madubin za a matsar, ba wuyanka ba. Ka kuma duba layin giciyen da ke cikin madubin, wanda ake saiti da shi, bai karkace ba, ka rataya zare da ɗan dutse a nesa ka daidaita layin tsaye da shi.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba, ba kowane madubi ne ya dace da .22 ba. Wanda aka yi don manyan bindigogi a kan daidaita shi ne a yadi 100 ko fiye, in ka kalli allon mita 25 ko 50 da shi sai ka ga in ka ɗan motsa kai giciyen yana yawo a kan allon alhali bindigar ba ta motsa ba. Gwada da kanka, ka kafa ta a kan buhun yashi, kar ka taɓa, ka leƙa ka riƙa kaɗa kai a hankali. In giciyen yana yawo to ga ɓarawonka nan. Maganinsa madubin da aka yi don rimfaya, ko mai zobe a gaba ko maɓalli a gefe da ake murɗawa a sa nisan da ake so.

Sai saiti. Babban kuskuren da kake yi, kuma ni ma na yi shi, shine murɗawa bayan kowane harbi, kana bin rami ɗaya ɗaya kamar mai bin fara. Ka fara a mita 25 da babbar takarda, gaba a kan buhun yashi, baya kuma tsohuwar safa da aka cika da yashi a ƙarƙashin gindin, ka saki biyar a wuri ɗaya ba tare da ka taɓa komai ba, sannan ka je ka duba inda tsakiyar taron ramukan yake, shi za ka matsar. In ka koma mita 50 ga lissafin: yawancin madubai an rubuta 1/4 MOA a kan maɓallin, ma'ana in ka murɗa ya yi ƙyas ɗaya yana matsar da harbi wajen milimita 3.6 a mita 50. Kenan in taron ya sauka santimita 3 ƙasa da inda ka auna, ƙyas takwas sama, in ya yi hagu da santimita ɗaya da rabi, ƙyas huɗu dama. Ka sake sakin biyar ka gani. A mita 25 kuwa ninki biyu za ka murɗa don samun wannan tafiyar, nan ne mutane ke rikicewa.

In ka yi duk wannan biyar ɗin suka ƙi taruwa, ka ba wanda ya fi ka hannu ya gwada kafin ka kai ƙarar bindigar wurin oga. Kuma don Allah kar ka riƙa ɗana ta kana jan kunama ba komai a ciki, a rimfaya da yawa allurar takan sari bakin ɗakin harsashi tunda ba kwanson da zai tare ta, a hankali ta yi masa tabo ko ita ta karye. Akwai harsashin roba da ake sawa don irin wannan atisayen. Wani abu kuma, in burinka gasa irin ta Olamfik ce to ka sani ba a amfani da madubi mai kusanto da abu a can, 'yar ƙofa ce kake leƙawa a baya da zobe a gaba, a durƙushe da kwance da tsaye, da'irar goma kuma milimita 10.4 ce a mita 50, don haka kar ka saba da madubi har ka kasa rabuwa da shi.

TAMBAYA: Kawu, a ina matsalar take in bindiga tana yin kyau da safe amma da rana ta watse, musamman lokacin hunturu? Kuma harsashi mai gudu sosai ba shi ya fi ba? Daga wani mai karatu a Azare.

AMSA: Ƙanena, iska ce. Dalmar .22 ba nauyi ba gudu, iskar da ke tafiyar kilomita 16 a awa in ta bugo daga gefe za ta iya ture ta wajen santimita biyu zuwa uku a mita 50, ka tuna kuma da'irar goman duka duka santimita ɗaya ce da ɗan ɗoriya. Iskar hunturu a wajenmu ka san halinta, da sassafe lif, hantsi na ɗagawa ta taso. Ka kafa sanduna biyu ko uku tsakaninka da allon ka ɗaura musu tsumma marar nauyi, ka zaɓi yanayi ɗaya da tsumman ke nunawa, ka riƙa harbi sai in ya dawo haka, in ya canza ka sauke ka jira.

Zancen gudu kuwa a'a. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, harsashin gasa da gangan ake yin sa ƙasa da haka, wajen mita 325, domin wanda ya fita da gudun da ya wuce sauti yakan rage gudu a hanya ya faɗo ƙasa da shi kafin ya isa, a wannan tsakanin ne yake ɗan tangaɗi. Shi ya sa 'yan gasa suke neman su Eley na Ingila da Lapua na Finland da RWS na Jamus. Abin mamakin shine kowace bindiga da irin cimarta, biyu daga kamfani ɗaya sai ka ga wannan ta so wani harsashi waccan ta ƙi shi, har manyan 'yan wasa sukan gwada rukuni rukuni su sayi wanda ya dace da tasu da yawa. In ka canza iri ko ka wanke bututu ka saki kamar goma tukuna kafin ka yanke hukunci.

Ga kuma wani abu da ya shafe mu mu 'yan ƙasar ƙura. Ka taɓa dalmar .22 za ka ji ta da ɗan maiƙo kamar kakin zuma, man shafawarta ne a waje yake. In ka zuba su tsirara a aljihun kaftani, ko ɗaya ya faɗi ƙasa ka ɗauka ka hure ka sa, to yashi ka tura cikin bututu. Ka bar su a kwalinsu a rufe, kar kuma ka bar kwalin a mota cikin ranar watan Afrilu.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 15 ya dame ni da maganar wasan nan, ni kuma gabana faɗuwa yake, kawunsa ya ce ai ƙaramar bindiga ce ko a bayan gida za a jera masa gwangwani. Me ka gani? Daga wata uwa a Misau.

AMSA: Hajiya, faɗuwar gaban nan taki tana kan hanya, ki ce da kawun nasa Kawun jarida yana gaishe shi amma bai yarda ba. Kalmar "ƙarama" ɗin nan ita ke cutar mutane, a jikin kwalin harsashin .22 kamfanoni da kansu suke rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, fiye da kilomita 2 kenan, kuma yana da mugun halin dukan dutse ko ƙasa mai tauri ko ruwa ya yi tsalle ya canza hanya. Bayan gida a Misau akwai makwabta, akwai awaki, akwai almajiri mai wucewa. Filin gaske yana da tudun ƙasa mai tsayi a bayan allo, da mutum ɗaya da in ya ce a tsaya kowa zai buɗe sakata ya ajiye. Ga shi kuma shekarunsa ba su kai na lasisi ba ma.

Wasan kansa ba na 'yan daba ba ne, ni ban taɓa ganin abin da ke koya wa yaro nutsuwa da riƙe numfashi irinsa ba, in an samu koci da fili na hukuma ki bar shi ya je, ki kuma bi shi ranar farko ki gani da idonki. Ki tabbatar ana sa masa abin toshe kunne da tabarau. Sannan harsashin nan dalma ce zalla, har na bindigar iska, mu kuwa mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, don haka ba cin ƙosai ko gyaɗa a filin harbi, ba sa harsashi a baki, in ya dawo gida kuma sabulu da ruwa tukuna kafin ya sa hannu a kwanon tuwo.